Yadda Za Ku Karanci Ilimin Magunguna Kafin Jarrabawar Kansil

Duk lokacin da jarrabawar kansil, wato ta Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ta ƙarato, ɗaliban jinya kan same ni a gida nan Gombe bayan la'asar, littafi a hammata, idanu jajur don rashin barci. Kuka ɗaya suke kawowa: "Anti, famakoloji ya ƙi zama. Na haddace da daddare, gari na wayewa ya gudu." Ba na fara buɗe littafi da su. Nakan sa a shimfiɗa tabarma, in tambayi yarinya wane ɗakin marasa lafiya aka tura ta a watan jiya, kuma wane magani ta miƙa wa mutum da hannunta. Sai ka ga wadda ta ce ba ta san komai ba ta gyara zama, tana ba ni labarin wani dattijo da ya hana ɗaki barci da busasshen tari har likita ya canza masa maganin hawan jini. In ce mata, "To ƙanwata, ai ga lisinopril nan kin gama karantawa." Abin da ya rage mata dalili ne kawai: dangin wannan magani suna sa wani sinadari mai suna bradykinin ya taru a jiki, shi ke sosa maƙogwaro, shi ya sa ake mayar da mutum kan losartan.

Ni ma ba a aji na koyi wannan hanya ba. Ina shekarar ƙarshe a makaranta aka tura ni ɗakin maza, aikin safe. Akwai wani tsoho da aka kawo daga wajen Dukku, ƙafafunsa sun kumbura suntum, ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da filo uku. A takardarsa an rubuta digoxin da furosemide. Na duba suna, na duba adadi, na ɓallo ƙwayar, na ɗauko kofin ruwa. Hannuna na dab da bakinsa wata babbar nas, sa'ar mahaifiyata, ta riƙe min wuyan hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yata, kin ƙirga?" Na ce, "Me zan ƙirga, Mama?" Ta ciro abin sauraren ƙirji daga wuyanta ta rataya min, ta nuna min agogon bango. Na ɗora shi ƙasa da nonon hagun tsohon, na ƙirga minti ɗaya cur. Bugu 52. Ta sunkuya ta ce, "Baba, yaya cin abinci?" Ya ce kwana biyu ke nan zuciyarsa na tashi, kuma farin bangon nan rawaya-rawaya yake ganinsa. Ta ce in ajiye ƙwayar, in rubuta abin da na gani, in kira likita.

Abin da ya ƙona min rai shi ne duk na san wannan. Mako biyu kafin nan na rubuta a gwajin aji cewa ba a ba babba digoxin idan bugun zuciya ya gaza 60, cewa furosemide na zubar da fotasiyam ta fitsari, kuma idan fotasiyam ya yi ƙasa digoxin kan koma guba. Na ci makin ma. Amma ilimin yana can kan takarda, bai iso hannuna ba. Tun daga ranar kowane magani sai na ɗaura shi a kan gadon wani da na gani, kuma haka nake so ku yi.

Littafin aljihu

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihun yunifom. Shafi ɗaya, magani ɗaya. A saman shafin ku sa wata alama da za ta tuno muku da mutumin, kamar "tsohon Dukku" ko "mai jegon gado na 4". Kada ku rubuta sunan kowa, sirrin mara lafiya amana ne. Ƙarƙashin wannan ku amsa tambaya biyar: ɗan wane dangi ne, me yake yi a jiki, me zan duba kafin in bayar, me zan sa wa ido bayan na bayar, kuma idan ya yi yawa mene ne makarinsa. Tambaya ta uku da ta huɗu su ne naku na masu jinya, kuma a kansu Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fi son gwada ku. Likita ne ke rubutawa, mai haɗa magunguna ya bayar, amma hannun ƙarshe kafin magani ya shiga jikin mutum naku ne.

Sunan magani ku rubuta shi yadda yake a jikin kwali, kamar yadda ni ma nake yi a nan, domin da wannan rubutun zai zo muku a kwamfuta. Bayanin kuwa ku gwada yin sa da baki da Hausa, ko Fulatanci, ko Tangale, ko Tera, duk harshen da kuke magana da kakarku. In har ba za ku iya faɗa wa kaka dalilin da ya sa za ta sha furosemide da safe ba da dare ba, wato don kada fitsari ya hana ta barci ko ta faɗi a duhu, to ba ku gane ba tukuna, hadda kawai kuka yi.

Dangi da tsagensu

Ba wanda zai iya haddace magani ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya. Amma yadda mutanen da can ke gane asalin mutum da tsagen fuskarsa, haka magunguna ke da tsage a wutsiyar sunansu. Wanda ya ƙare da -olol, irin su atenolol da propranolol, yana rage bugun zuciya, don haka a ƙirga bugu kafin a bayar, kuma propranolol ba na mai asma ba ne, yana matse hanyar numfashi. Masu -pril da masu -sartan ba a ba mai ciki, kuma suna tara fotasiyam. Masu -dipine, amlodipine da nifedipine, suna buɗe jijiyoyin jini, sai ka ji mace ta ce idon sawunta na kumbura da yamma, kanta na sarawa. Masu -prazole na rage tsamin ciki, a sha kafin karin kumallo.

Sai dai akwai masu tsagen aro, kuma masu tsara jarrabawa sun san su sarai. Omeprazole, fluconazole, metronidazole, albendazole: duk sun ƙare da -azole, amma ɗaya na olsa ne, ɗaya na ƙwayar cuta irin ta makero da ƙaiƙayin gaba, ɗaya na atini da wasu cututtukan ciki, na ƙarshe na tsutsa. Haka erythromycin da streptomycin, wutsiya ɗaya, gida daban. Streptomycin ɗan gidan su gentamicin ne, masu taɓa kunne da ƙoda. Ku ware shafi guda a ƙarshen littafinku don waɗannan.

Lissafi

A nan zan daɗe, domin a nan ne ɗalibai ke zubar da makin da ya fi sauƙin samu, kuma a nan ne kuskure ke kisa. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ake so, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan da yake ciki.

Ga yaro mai kilo 12, jikinsa zafi zau. Paracetamol na yara miligiram 15 ne ga kowane kilo, wato 180. Kwalbar da ke hannunku an rubuta miligiram 120 a cikin mil 5. Ku raba 180 da 120, ya ba ku 1.5, ku ninka da 5, mil 7.5 ke nan. Ku lura cewa komai ya faro daga sikeli. Yaro ba a kintata masa nauyi da ido muddin akwai sikeli a ɗakin.

Kafin ku taɓa ƙa'idar, ku tabbata ma'aunin sama da na ƙasa iri ɗaya ne. Giram 1 miligiram 1000 ne, miligiram 1 kuma maikirogiram 1000. Idan aka rubuta digoxin maikirogiram 125, ƙwayar hannunku kuma miligiram 0.25 ce, ku mayar da ita maikirogiram 250 tukuna, sai ku ga rabin ƙwaya ake nufi. Ɗigon nan na tsakanin lambobi kuwa, in ya goce wuri ɗaya, kun ninka magani sau goma. Shi ya sa ba a rubuta .5, sai 0.5, kada ɗigon ya ɓace a karanta 5. Kuma duk amsar da ta ce ku ba mutum ƙwaya goma a lokaci guda, ko ku fasa kwalbar allura takwas, ku tsaya ku sake lissafi.

Ƙarin ruwa ma haka. Yawan ruwan, a ninka da adadin ɗigon da ke cika mil ɗaya a igiyar, a raba da mintuna. Igiyar da muka saba da ita ɗigo 20 ne a mil, ta yara mai siririn ɗigo 60 ce, amma kullum ku karanta jikin ledar igiyar. Leda mai mil 500 da za ta shiga cikin awa 4: 500 sau 20 ya zama 10,000, a raba da minti 240, ya ba da kusan 41.7, wato ɗigo 42 a minti. A bakin gado ku riƙe agogo kusa da kwalbar ɗigon, ku nemi goma ko sha ɗaya a daƙiƙa 15. Da igiyar 60 kuwa abin ya zo da sauƙi: mil nawa a awa, ɗigo nawa a minti, lamba ɗaya ce.

Abu biyu kuma da ɗalibai ke tsoro ba dalili. Idan aka rubuta 50% a jikin kwalba, ana nufin giram 50 a cikin mil 100. Idan aka rubuta 1:1000, ana nufin giram 1 a cikin mil 1000, wato miligiram 1 a kowane mil. Wannan na biyun ku riƙe shi da kyau saboda adrenaline.

Lissafi biyar kullum bayan sallar asuba, da biro da takarda, ba da waya ba. Mako shida kuka yi a haka, hannu zai riƙa tafiya da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗakin haihuwa

In da za a ce in zaɓi magani ɗaya da ba zan yafe wa ɗalibin Gombe ko Bauchi rashin saninsa ba, magnesium sulphate ne, maganin jijjigar masu ciki. Duk wanda ya yi dare ɗaya a ɗakin haihuwa a nan ya ga an shigo da yarinya mai cikin fari tana jijjiga, an tusa mata cokali a baki, dangi na cewa iska ce. Tsarin ba da shi da ake kira Pritchard shi muka fi amfani da shi: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa 4 ana sauya ɓangare, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya. Na jijiya ba a tura shi da ƙarfin 50%. Giram 4 mil 8 ne na mai 50%, a ƙara ruwan allura mil 12, ya zama mil 20 mai ƙarfin 20%. Ku yi wannan lissafi da kanku har ku ga inda lambobin suka fito.

Kafin kowace allura ta gaba akwai abu uku da za ku duba. A bugi ƙasan gwiwa a ga ƙafa ta harba, domin wannan ne ke fara ɓacewa idan maganin ya yi yawa. A ƙirga numfashi. Littattafan da muka fi bi a nan sukan ce kada ya gaza 16 a minti, wasu na waje sukan ce 12, ku bi na manhajarku. A auna fitsari, aƙalla mil 30 a awa, saboda ta ƙoda maganin ke fita, in ƙoda ta tsaya zai taru. Makarinsa calcium gluconate, mil 10 na mai 10%, ta jijiya a hankali. Ni ba na fara ba mace magnesium sai na ga wannan kwalba da idona a kan tire.

Zubar jini bayan haihuwa kuma: oxytocin yunit 10 a tsoka cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an shafa ciki an tabbatar babu na biyu. Wurin ajiyarsa firji, tsakanin digiri 2 da 8. Wannan ba layi ne na cika takarda ba. Ku tuna zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, ku tuna kwalbar da ta kwana uku a aljihun tebur, a yi allura mahaifa ta ƙi tsukewa. Inda babu firji, misoprostol maikirogiram 600 ta baki. Ergometrine ba a ba mai hawan jini, wannan tambaya ba ta tsufa. Tranexamic acid giram 1 ta jijiya, cikin awa 3 da haihuwa, idan jini ya ɓalle. Babban binciken da ya tabbatar da amfaninsa ya fito a 2017, kuma matan Najeriya da dama na cikin waɗanda aka yi shi da su. Hawan jinin mai ciki kuwa, methyldopa, labetalol, nifedipine da hydralazine su ne abokan tafiya.

Zazzaɓi, tari, da kwanon nono

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, artesunate ne na farko: miligiram 2.4 ga kowane kilo, a awa 0, awa 12, awa 24, sannan sau ɗaya a rana har mutum ya iya haɗiya. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ne ga kilo, kuma nan tarkon yake. Kwalbar miligiram 60 ana narkar da ita da mil 1 na ruwan bicarbonate da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe, a ƙara ruwan gishiri na allura mil 5 in ta jijiya ne, kowane mil ya ɗauki miligiram 10. Yaro mai kilo 10 zai sami miligiram 30, mil 3. Mai kilo 25 zai sami 60, kwalba guda cif. Bayan allura dole a cika da ƙwayar artemether-lumefantrine ta kwana uku, sha shida, na biyu bayan awa 8 da na farko. Quinine kuwa ku tuna masa abu uku: yana sauke sukarin jini, yana sa kunne ƙara, kuma ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, sai cikin ledar ruwa.

Ga wani abu da nake son ɗalibai su riƙe, don yana fitowa a jarrabawa kuma yana faruwa kullum a garinmu na masu fura. Artemether-lumefantrine yana son maiƙo, in aka sha shi da nono ko madara ya fi shiga jiki. Ciprofloxacin da tetracycline kuwa nono kama su yake a hanji ya hana su shiga, haka ma ƙwayar ƙarin jini da farin ruwan maganin olsa. Kwano ɗaya na nono, ya taimaki wannan ya karya wancan. Tetracycline kuma ba na mai ciki ba ne, ba na yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙora. Ceftriaxone ba a haɗa shi a igiya ɗaya da ruwan ƙarin da ake kira Ringer, saboda kalsiyam ɗin da ke ciki.

Maganin tarin tibi huɗu ne a wata biyun farko, biyu a wata huɗun da ke biye, kuma kowanne da inda yake taɓawa. Rifampicin na mayar da fitsari da hawaye ja-ja kamar ruwan lemo. Ku faɗa wa mutum tun ranar farko, in ba haka ba zai ɗauka jini ne ya watsar da magani. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Isoniazid na sa tafin ƙafa zafi da jin kamar ana tsira allura, ana tare wannan da pyridoxine. Ethambutol ido, pyrazinamide gaɓoɓi. Uku daga cikinsu, ban da ethambutol, suna wahalar da hanta, don haka ku riƙa duba farin ido.

Sai masu ciwon suga. Glibenclamide na iya kayar da mai azumi da yamma, gumi da karkarwa da ruɗewa, don haka a tura su wurin likita tun kafin watan ya kama. Insulin mai garai-garai ake fara zuƙa a sirinji kafin mai gurɓi-gurɓi.

Makari

Wannan shafi haddace shi za ku yi, babu wata dabara: magani a gaba, makarinsa na biye. Morphine da pentazocine, naloxone, kuma a ƙirga numfashi kafin a bayar da su. Heparin, protamine sulphate. Warfarin, bitamin K. Diazepam, flumazenil. Paracetamol, acetylcysteine, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini. Ƙwayar ƙarin jini da yaro ya wawura ya sha, desferrioxamine. Fiya-fiya da maganin feshin gona, atropine da pralidoxime. Za ku gane mai wannan da dalalar miyau, gumi, da ƙwayar ido da ta tsuke kamar kan allura, kuma ku cire masa kaya ku wanke jikinsa da safar hannu a hannunku. Potassium chloride kuwa ba shi da damar gyara: in aka tura shi kai tsaye a jijiya zuciya tsayawa take.

Mu 'yan Gombe muna da darasin da wasu sai a littafi suke gani. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo yana karɓar manoma da makiyaya daga jihohin da ke kewaye, yawanci saran kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Ana zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga. Makarin dafin adadi ɗaya ne ga yaro da babba, domin maciji ba ya rage dafi don yaro ne. Ba a ba irin wannan mutum aspirin ko diclofenac, kuma ana guje wa yi masa allurar tsoka ba dole, don jini zai taru a wurin. Amma adrenaline a zuƙe yake a gefe kafin a fara, domin jiki kan yi wa makarin bore: ƙaiƙayi, kumburin fuska, toshewar numfashi. Babba mil 0.5 na mai 1:1000, a tsokar cinya ta gefen waje. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci abin da zai yi idan penicillin ma ya yi wa mutum haka.

Tafiyar magani a jiki ba zan ja ta da tsawo ba, malamanku sun yi. Shiga jini, rarrabuwa, sarrafawa a hanta, fita ta ƙoda. Wanda aka haɗiye sai ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki, hanta kuma kan cinye wani kaso, shi ya sa glyceryl trinitrate, na ciwon ƙirjin masu ciwon zuciya, ake sa shi ƙarƙashin harshe. Rabin rayuwar magani shi ne lokacin da adadinsa a jini ke raguwa da rabi: 100, 50, 25, 12.5, kusan 6, kusan 3. Bayan zagaye huɗu zuwa biyar ya kusa ƙarewa. Tsoho, jariri, mai ciwon hanta ko ƙoda, magani na daɗewa a jikinsu.

Akwai kuma abin da ke faruwa a unguwanninmu wanda littafi bai cika kawo shi da sunan da muka sani ba. 'Yan mata na shan dexamethasone don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, fuska ta yi zagaye, suga da hawan jini su biyo baya, kuma wadda ta daɗe a kai ba a tsayar mata da shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Maganin tari mai codeine, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018 saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye. Masu sikila da yawa sun faɗa dogaro da allurar pentazocine, ba don lalacewa ba, don ciwo. Idan tambaya ta zo kan kabad ɗin magunguna masu haɗari, makulli biyu, rajista, da shaidar mutum biyu, ku tuno da waɗannan fuskoki.

Ranar jarrabawa

A kwamfuta, ku karanta tambaya har ƙarshe kafin ido ya sauka kan zaɓi. Ku nemi kalmar da ke juya tambaya, irin mai nufin "ban da", ko "na farko", ko "mafi muhimmanci". Idan aka ce me nas za ta fara yi, sau da yawa amsar ita ce dubawa kafin aikatawa: ƙirga bugu, auna hawan jini, tambayar ko magani ya taɓa yi wa mutum bore. Idan kuwa illa ta riga ta bayyana ana cikin ƙarin jini ko ƙarin ruwa mai magani, tsayar da shi ne farko, kiran likita na biye. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma kada ku haddace cewa amsa ita ce ta uku. Ku faɗi dalilin da ya sa sauran ukun ba su yi ba. Ku yi haka ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki dangi ɗaya ya koyar da saura. In kun wuce haka hira za ta cinye lokacin.

Gajerun rubutun takardar magani ku san su kamar sunanku: od sau ɗaya, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu, prn in buƙata ta taso. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau uku na nufin duk awa 8, ba safe da rana da yamma a cunkushe ba. Ni nakan ce wa mara lafiya, "Bayan asuba, bayan azahar, sai wajen goma na dare in za ki kwanta." Da sallah ake riƙe lokaci a nan, ku yi amfani da ita.

A gwajin aikin hannu kuwa, mai dubawa ba ya ganin abin da ke zuciyarku, sai abin da kuka yi ko kuka faɗa. Ku wanke hannu, ku yi sallama, ku tambayi mutum sunansa da bakinsa, ku faɗa masa abin da za ku yi. Ku karanta jikin kwalba sau uku, lokacin ɗauka, lokacin zuƙa, da lokacin mayarwa, ku faɗi ranar lalacewarsa a fili. Ku tabbatar da abu biyar: mutumin, maganin, adadin, hanyar, lokacin. Allurar tsoka a miƙe take shiga, digiri 90, ta ƙarƙashin fata 45, ta cikin fata irin ta BCG, rigakafin tarin tibi, kusan a kwance, 10 zuwa 15. A ɗuwawu, kashi na sama ta gefen waje, don a kauce wa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Na ga yaro yana jan ƙafa saboda allurar da aka yi masa a wani shago, kuma har yau abin bai bar raina ba. Jariri a cinya ake yi masa. Allura ta tafi kwandon ƙarafa ba tare da an mayar mata da murfi ba, sannan ku rubuta lokaci ku sa hannu. Ɗalibai da yawa sukan yi komai daidai, ƙararrawa ta kaɗa ba su rubuta ba.

A daren yau ku buɗe shafi uku kawai: digoxin, magnesium sulphate, artesunate, kowanne da mutumin da kuka gani a kansa. Gobe bayan asuba ku fara da wannan: ruwa mil 1000 zai shiga cikin awa 10, igiya mai ɗigo 20. In kun sami 33, ku wuce lissafi na biyu.